Rigar Kore

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi

Mardiyya ta koma Kano jiya. Ta bar mini magani iri uku, da sanda mai ƙafa huɗu, da wa'adi. Sandar tana bayan ƙofa. Wa'adin kuwa Asabar ashirin da bakwai ga wata: za ta zo da mota ta ɗauke ni zuwa gidanta, a sa wa wannan gida kwaɗo.

Na ce mata a gidan nan aka binne cibiyata, daga nan kuma aka fita da uwarta. Ta ce ta sani, amma tun abin da ya faru ranar Talata ba ta da kwanciyar hankali. Babu abin da ya faru ranar Talata. Zama na yi a tsakar gida. In mutum ya daɗe a zaune a gidansa, laifi ne?

Da na ga ba ta ji, sai na ce ina da aiki a Daura, ba zan tafi in bar shi ba. Ta tambayi wane aiki ne ga mai shekara saba'in da takwas, wanda ya ajiye koyar da zane tun tana sakandare. Na ce Zaituna, tsohuwar ɗalibata, tana da kanti a Katsina inda take sayar da hotunan rataya a falo, kuma ta daɗe tana roƙona in yi mata zane a buga. Gaskiya ne, sai dai shekara biyu ina ce mata sai an kwana biyu.

Mardiyya ta dube ni kamar yadda uwarta take dubana. Ta ce in na gama zane guda, aka buga, Zaituna ta karɓa kafin ranar, to ta yarda kaina da hannuna suna tare, za ta bar ni. Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

Fensir ya daina yi mini biyayya, hannun yana rawa. Abin da ya rage shi ne tsohuwar kwamfutar da ta ba ni da Sallah, da manhajar zane da ta sa a ciki. Ta ce kyauta ce. Ni ban taɓa ganin kyautar da ba ta da ƙaya ba.

Laraba, 3 ga Yuli, bayan azahar

Wannan ba zane ba ne, kafa turaku ne. Ka sa ɗigo nan, ka sa wani can, layi ya miƙe tsakaninsu kamar zaren masaƙi, sannan ka kama shi ka lanƙwasa. In hannu ya yi rawa ɗigon ya kauce, sai ka ja shi ya koma wurinsa. Wannan kam na yaba. Takarda ba ta yafe wa mutum haka.

Sauran kuwa abin haushi. Kowane maɓalli hoto ne, ba suna. Inda aka rubuta Turanci, ba Turancin da aka koya mana a kwalejin malamai ba ne. Na taɓa wani abu, hannun riga gaba ɗaya ya ɓace. Na neme shi har la'asar ta kusa, ashe yana nan, ya shige bayan jikin rigar.

Rigar Baba, mahaifina, nake zanawa, wadda yake sawa ranar Juma'a, mai aska takwas a ƙirji. Marini ne shi, da hannunsa ya rina ta. Rijiyoyin marinar an cike su tun tuni, shagon cajin waya ne a wurin yanzu.

Alhamis, 4 ga Yuli, da safe

Aska ɗaya cikin takwas. Saura kwana ashirin da uku.

Asabar, 6 ga Yuli, da la'asar

Nagoggo ta kawo tuwo. Taubashiyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin bakinta ya huta a kaina ba. Ita ce ta shigo waccan Laraba da asuba, washegarin zamana a tsakar gida, ta buga wa Mardiyya waya, ba tare da ta tambaye ni ba. Ban manta ba.

Ta tsaya a kaina tana kallon allon kwamfuta, ta ce ɗan boko ya tsufa bai daina wasan yara ba. Na nuna mata yadda nake girmama zanen har aska guda ta cika allon, bakinta bai dushe ba, kaifi kamar an yanka da reza. Na ce ko a bangon masallacin Juma'a aka buga shi haka zai fito. Ta ce, "To Malam, girmama tuwon nan ya kai mu gobe."

Ta leƙa bayan ƙofa ta ga sandar, ta ce ashe baƙuwa ce, ba a taɓa ta. Na ce ta ɗauki kwanonta na jiya.

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

An ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya fi ni tsufa. Aikin kwana biyu ya tafi. Wai sai na riƙa ce mata ta ajiye. Shekara talatin da biyar ina zane a takarda, ban taɓa roƙon takarda ta tuna da abin da na sa mata ba.

Mardiyya ta kira, ta tambayi magani, ta tambayi sanda, ta tambaye ni yau wace rana. Na ce Talata ce, tara ga wata, kuma ni ne ubanta, in tana son ta rubuta wannan ma.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Ruwa tun safe. Ɗakin tsakiya yana yoyo, na sa roba. Ba zan faɗa wa kowa ba, don yanzu ko ƙuda ya mutu a gidan nan hujja ce.

Aska takwas sun cika. Saura launi.

Asabar, 13 ga Yuli, da azahar

Na gama. Launin ya fi komai cin rai. Akwai wata da'ira mai launuka da ake jan ɗigo a cikinta, na yi ta ja har na sami abin da ya yi kusa da rigar: duhu kamar baƙi, amma in ka ƙura ido shuɗi yana numfashi a ƙasa. Na daɗe ina kallo. Ba zan rubuta abin da na tuna ba.

Zaituna ta ga hoton ta waya, ta ce in ya fito haka a takarda mai kauri tana son guda talatin. Ta haɗa ni da mai buga mata aiki a Katsina, sunansa Kalilu. Na tura masa. Sau huɗu na tura kafin ya ce ya iso.

Litinin, 15 ga Yuli, da safe

Kalilu ya tambayi da me na yi zanen. Da na faɗa masa, sai ya yi wata 'yar dariya irin ta makaniki in ka kai masa tsohon babur. Ya ce manhajar ba ta da laifi wajen layi, layukana ma sun fi na yaran da ke kawo masa aiki tsabta, amma wajen launi da harshen allo take magana, injinsa kuwa harshen tawada yake ji. Allo da haske yake haɗa launi, inji da tawada huɗu. Masu manhajar kuɗi suna daidaita wannan tun daga gida. Na ce ni na koyar da haɗa launi kafin a haife shi. Ya ce, "Haka ne, Baba Malam," da muryar da ake lallashin mara lafiya.

Ya buga ɗaya na gwaji ya turo hoto. Rigar Baba ta fito kamar zoɓon da ya kwana. Na ce ba launin ba ke nan, ko kusa.

Talata, 16 ga Yuli, bayan azahar

Kalilu ya turo saƙon murya. Ya ce zai cire launina ya zuba nasa daga wajensa, in faɗa masa kawai wane launi ne rigar, kuma zai sake gwaji ya aiko in gani da idona. Gwaji ya zo Daura ya koma, kwana uku ke nan. Ba ni da kwana ukun banza. Na amsa masa cewa rigar kore ce, kore sosai mai duhu, ya buga talatin ɗin gaba ɗaya, ba yaro ba ne.

Yau na ci abinci da daɗi.

Juma'a, 19 ga Yuli, da hantsi

Usman direba, surukin Nagoggo mai zuwa Katsina, ya kawo ƙunshin. Na wanke hannu kafin in buɗe.

Tsanwa.

Talatin, duk tsanwa shar, kamar gonar gyaɗa bayan ruwa uku.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na kira Kalilu. Na faɗi maganganu da bai kamata a faɗa ranar Juma'a ba. Ya bar ni na gama, sannan ya kunna mini muryata. Na ji kaina ina cewa kore, kore sosai.

Na ce rigar kore na ce, rigar kore kuwa kowa ya san ta: wadda aka tsoma a baba har ta yi baƙi, aka kai mabuga aka buga da shuni har tana ƙyalli. Ya ce shi shekararsa arba'in da biyar, kore ɗaya ya sani, na ganye. Na ce ai ka ga launin da na sa a ciki. Ya ce ya gani, amma ni da bakina na ce ba shi ba ne ko kusa, shi ya sa ya ɗauka manhajar ce ta ɓata mini kore ya koma haka.

To. Manhajar ta kasa faɗa wa inji launi, ni na kasa faɗa wa mutum. Da ta iya aikinta da ba a tambaye ni ba.

Asabar, 20 ga Yuli, da safe

Kalilu ya faɗa wa Zaituna, Zaituna ta faɗa wa Mardiyya. Labari ya je Kano kafin in karya kumallo.

Mardiyya ta kira, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. A hankali ta ce, "Baba, shuɗi ka zana, ka ce kore." Na yi mata bayanin riga. Ta ce ba ta taɓa jin wannan ba, kuma akwai wani likita a Kano mai duba irin wannan, ba wani abu ba ne, tambayoyi kawai yake yi. Irin wanne? Ba ta faɗa ba.

Ni da na riƙe alli ina nuna wa yara ja, rawaya, shuɗi, kore. Na san kore na ganye, ni ma da shi na koyar. Amma in ana maganar riga, kore ɗaya ce. Haka ne. Na tabbata haka ne.

Lahadi, 21 ga Yuli, da yamma

Na tabbata?

Litinin, 22 ga Yuli, da hantsi

Na rasa yadda zan yi, na tambayi Nagoggo, ba tare da na ba ta labari ba. Na ce in an ce mutum ya sa kore ranar Juma'a, wane launi ya sa? Ta dube ni ta ce yau kuma jarrabawa ake yi wa jahilai? Baƙar riga mana, mai barin shuni a wuya. Ta ce ranar da aka ɗaura mata aure Kawu, wato Baba, da korensa ya zo, ya dafa kanta, shuni ya kwana biyu a goshinta.

Sai na nuna mata talatin ɗin. Ta yi dariya har ta riƙe bango. Ta ce Kawu ya koma ɗan ƙwallo.

Na ce ta kira Mardiyya ta faɗa mata. Ta ce, "Shaidar tsohuwa a kan tsoho? Sai ta zo da mota mai kujera biyu." Ta ce in ina son a yarda, in fito da rigar. Na ce rigar tana cikin adaka, adakar tana kan kabad a ɗakin marigayiya. Ta ce in jira Usman ya dawo da daddare ko gobe. Na ce to.

Ban shiga ɗakin nan ba tun bara.

Talata, 23 ga Yuli, da la'asar

Usman ya kwana a Katsina, motarsa ta lalace. Ban jira ba.

Adakar ta sauko. Kujerar da na taka ba ta da kirki, tun da can ƙafarta ɗaya gajera ce. Na ɗan zauna a ƙasa bayan nan. Zama na yi. Ɗakin da sanyi, kuma na daɗe ban zauna a cikinsa ba.

Nagoggo ta shigo da abincin rana. Ba ta yi ba'a ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce in ta taɓa waya, ni da ita har Lahira. Ta ce kwana huɗu za ta ba ni, ba don ina da gaskiya ba.

Rigar tana nan. Asu bai taɓa ta ba. Shekara arba'in a naɗe, na buɗe ta ƙyallin ya tashi kamar jiya aka dawo da ita daga mabuga.

Laraba, 24 ga Yuli, da azahar

Na yanki ƙyalle kamar faɗin tafin hannu daga cikin gindin rigar. Allah Ya yafe mini, Baba ma ya yafe. Usman ya kai wa Kalilu.

Kalilu ya kira da kansa. Ya ce ya riƙe ƙyallen yatsunsa sun yi shuɗi, ya nuna wa mahaifiyarsa, ta ce masa kore ke nan, kai ba ka san komai ba. Ya ba ni haƙuri. Na ce ni ma na hana shi gwaji. Ya ce zai ajiye ƙyallen kusa da inji ya yi ta daidaita tawada da ido har su yi kama, zai kai wa Zaituna na farko da kansa. Da ido. Inji kamar ɗaki, manhaja daga ƙasar Turawa, ƙarshenta dai an koma ga idon mutum da tsumma.

Na sa Usman ya fito mini da kujera mai hannu zuwa baranda. Nan ya fi iska.

Alhamis, 25 ga Yuli, da safe

Salla a zaune ta halatta ga mai uzuri. Ƙugun hagu ne kawai, kuma sanyin damina ne.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Zaituna ta karɓa. Ta ce ta rataya ɗaya, wani dattijo ya shigo sayen madubi ya tsaya a gabansa, ya biya ya tafi da shi. Tana tambaya ko zan yi mata hula da zanen bango. Usman ya kawo mini guda.

Launin ya yi. Ƙyallin ne babu, takarda ba ta san bugu ba. Amma Baba zai gane rigarsa.

In wani ya tambaye ni ko manhajar kyauta tana isa a yi zanen sayarwa, zan ce layi kam ta ba ni wanda hannuna ya daina ba ni. Launi kuwa kada ya yarda da allo, kada ya yarda da bakinsa, ya aika abin da za a taɓa, ya jira gwaji ko da wa'adi na bin sa. Babu mai tambayata. Na rubuta dai.

Na ci. Gobe Mardiyya za ta zo ta faɗa da bakinta.

Ban yi barcin rana ba. Kwanciya ta fi zama ciwo.

Lahadi, 28 ga Yuli, da safe

Jiya ta iso bayan azahar. Tun da hantsi Usman da Nagoggo suka zaunar da ni a baranda, na sa farar riga, hoton yana jingine a gefena, rigar Baba a kan cinyata.

Ta durƙusa ta gaishe ni. Na miƙa mata rigar. Ta shafa, ta dubi tafinta, ta dubi hoton. Ta ce Zaituna ta riga ta faɗa mata, kuma ta tambayi surukarta, ta ce haka ne. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na ɗauka kanka ne." Na ce kaina lafiya lau, Hausarku ce ta rame.

Ta yi dariya. Ta share ɗakuna, ta ga robar yoyo ta ce za ta aiko mai gyara, ba ta mai da shi magana ba. Ta dafa mini shayi. Muka yi hira irin wadda muka daɗe ba mu yi ba, har da labarin marina. Nagoggo ta leƙo sau biyu, tana kallona, ina kallon bango.

Da la'asar ta ɗauki jakarta. Ta ce alkawari kaya ne, ta sauke, in zauna a gidana. Na sa mata albarka. Ta nufi zaure.

Tun tana makarantar kwana ban taɓa barin ta ta fita gidan nan ba rakiya ba. Har bakin mota nake kai ta, in tsaya sai ta sha kwana. Ta san haka. Ta kai bakin zaure ta tsaya, ta ba ni baya, tana gyara mayafi, tana jira in taso.

Na dafa hannun kujera. Na sake dafawa.

Ina iya cewa ta gaida gida daga nan. Da ta tafi, don ta yi alkawari, kuma halin uwarta ta gado, ba ta warware magana. Na dubi tazarar da ke tsakanin kujerar da zaure. Taku goma sha biyu ne, ni na auna filin da aka yi barandar.

Na ce, "Auta, dawo ki ɗaga ni."

Ta juyo. Ba ta tambayi yaushe ba, ba ta tambayi yaya ba. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta zo ta tsuguna, ta ce wane gefen. Na ce hagu.

Ta kwana a ɗakin uwarta. Yanzu tana ciki tana naɗe mini kaya, tana tambaya ta taga wanne za a ɗauka wanne za a bari. Asibiti tukuna, in ji ta, sauran magana sai an ga hoton ƙashi. Na ce ta bar wa Nagoggo makulli, ba kwaɗo ba.